Ƙwayar Almon A Bakin Mai Cizon Haƙora

Barkanku da war haka, masu karatu. Kafin ku yi min dariya a kan abin da ya faru a gidanmu ranar jajiberin Kirsimeti, bari in fara gaya muku wani abu game da kaina. Sunana Ditte, kuma ni mai cizon haƙora ce.

Ba yau na fara ba. Tun muna ƙanana muna kwana ɗaki ɗaya da yayata Signe take jifana da filo, wai in daina niƙa tsakuwa mutane na son barci. Ni kuwa ban ma san ina yi ba. Sai dai in farka da ciwon kai ta gefen kunnuwa, muƙamuƙina ya yi tsami kamar na kwana ina gwaguyar ƙashi. Da na girma abin ya ƙi tsayawa a barci, ya biyo ni har rana. In ina tuƙi, ko ina jiran amsar saƙo, ko Mama ta kira ni ta fara da "Ditte, ba wai ina matsa miki ba ne," sai in ji haƙorana sun datse da kansu ba tare da sun nemi izinina ba.

Bara na je wurin likitar haƙori a Holstebro, garin da nake koyarwa a firamare. Ta leƙa bakina ta girgiza kai.

"Shekarunki nawa?"

"Ashirin da takwas."

"To turamenki sun ce sittin."

Ta auna min wata roba da nake sawa in zan kwanta, ta kuma ce da rana in riƙa tunawa, leɓe a haɗe, haƙora a ware. Faɗa da baki ba wuya. Ita ba ta san Mama ba.

Sai kuma Troels, wanda muke tare shekara biyu ke nan. Gyaran jiragen kamun kifi yake yi a garin Thyborøn na bakin teku. Dogo ne, hannuwansa kamar faranti, maganarsa kuwa sai ka yi da gaske kafin ka samu. Irin mazan yankinmu na yammacin Jylland ne na asali, waɗanda in abu ya kai maƙura wajen daɗi sai su ce "ba laifi." Ranar da ya fara jin cizon haƙorana, muna dawowa ne daga bakin teku barci ya kwashe ni a motarsa. Bawan Allah ya faka a gefen titi ya buɗe gaban mota yana dube-dube, wai ya zaci wani abu ne ya kwance a inji. Da ya gane ni ce, ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma na so ƙasa ta tsage in shige. Amma daga ranar ya koyi karanta fuskata. In ya ga gefen kumatuna ya kumbura ya yi tauri, sai ya ce, "Me ya dame ki? Kar ki ce ba komai, muƙamuƙinki ba ya ƙarya." Ina son wannan hali nasa ƙwarai, don a duniya ba wanda ya taɓa lura da ni haka.

Matsalar ɗaya ce, a watan Fabrairu zan cika talatin. A ƙasarmu ga abin da ake yi wa wanda ya kai talatin ba aure, a baɗe shi da masoro a gaban jama'a, a kafa masa ƙaton abin niƙan masoro na ganga a ƙofar gida don duk mai wucewa ya sani. Mijin Signe har ya fara tara gangunan, yana turo min hotonsu. Mama kuwa ta ɗauki abin kamar ita za a baɗe. Ba ta taɓa ce min "yi aure" kai tsaye ba, sai dai hannunka mai sanda. Wance ta haihu, wance an sa mata rana, Troels kuma yaron kirki ne, irinsa ba sa daɗewa a kasuwa.

Ranar jajiberin, tun da safe wayata ta fara ƙara.

Mama: "Ki sa koriyar rigar nan ta ulu, ta fi yi miki kyau."

Mama: "Da ɗan jan baki."

Mama: "Kar ki ɗaure gashi, ki sake shi."

Signe: "Don Allah yau dai ki gyara farcen nan naki, kamar na mai haƙar dankali."

Na mayar mata: "Farcena ne zai ci agwagwa?"

Ta turo min fuskar dariya kawai. Ku da kuke karantawa na san kun riga kun gane. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane lissafi ban gane komai ba. Na sa rigar, na maƙala ɗan kunnen azurfa da Kaka ta ba ni, na shafa wa farcen jan fenti ina mita, Troels ya zo ya ɗauke ni. Ya sa farar riga mai kwala a ƙarƙashin shuɗiyar suwaitarsa, har da guga. Na ce, "Yau kuma wa ya mutu?" Ya ce, "Ba kowa," kunnuwansa suka yi ja.

Gidanmu a Lemvig ƙarami ne, na jan bulo, kuma ba ranar da na fi sonsa kamar wannan rana. Kyandirori a kowace taga, murhun itace na ci, ƙamshin gasasshiyar agwagwa ya kama har labule. Baba ya sa jar rigarsa da ba ya fito da ita sai shekara-shekara. Kaka Gudrun, mahaifiyar Mama, tana zaune a kujerarta ta bakin tebur da baƙar jakarta a cinya, jakar da ko banɗaki ba ta zuwa ba ita. Tana ganin Troels ta washe baki.

"Ga saurayina! Zo nan ka gaishe ni, rabu da wannan mai kumburin kumatun."

"Kaka, ni ce fa jikarki," na ce.

"To sai me? Shi ne ya gyara min famfo."

Muka ci agwagwa da dankalin da aka juya a narkakken sukari da jan kabeji, har Baba ya kwance maɓalli ɗaya. Raina fes. Na kalli teburin nan na ce a zuciyata, Ditte, ke fa ba abin da kika rasa.

Sai aka zo kan risalamande, shinkafar nan tamu mai sanyi da ake dafawa da madara a gauraya da kirim da yankakken almon, wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, a kwarara mata jan romon 'ya'yan itacen ceri mai ɗumi. A cikin babban kwanon, kamar kullum, an jefa ƙwayar almon guda ɗaya da ba a yanka ba, wanda ya same ta shi ke da kyautar shekara. A gidanmu Kaka ce alƙaliya, kuma dokarta ba ta lanƙwasuwa. Sai ka ajiye ƙwayar a kan tebur lafiya lau, ba tsaga ba gutsure, sannan ka taɓa kyauta. Baba ya taɓa rasa akwatin cakulan saboda ya ɗan ɓantare gefenta, har yau in aka tuna masa sai ya yi tsaki.

Kowa ke ɗibar nasa a al'adarmu, amma bana Mama ta ce, "Ku zauna, ni zan zuba wa kowa a kicin, kwanon ya yi nauyi." Shi ma wannan bai sa na farga ba.

A cokali na biyu na ji ta a kan harshena, sumul, cikakkiya. Wayyo daɗi! Tun da aka haife ni ban taɓa samu ba, kullum Signe ce mai sa'a. Na yi abin da kowane ɗan halak ke yi, na tura ta can gefen kumatu tsakanin turamena, na ci gaba da ci ina ɗaure fuska. Ai daɗin wasan ke nan, ka ɓoye ta ka bar sauran su yi ta ƙari suna nema har cikinsu ya kusa fashewa. Na ƙudura a raina sai mijin Signe ya ci kwano uku, ladan gangunansa.

"Kaka, fito da kyautar mana mu ga abin da muke wa wahala," in ji Signe.

Kaka ta buɗe jaka ta ajiye wani abu a tsakiyar tebur. Duk shekara kyautar nan babba ce, ko cakulan ko kwalin wasa. Wannan kuwa ɗan mitsitsin akwati ne da zai shige tafin hannu, an naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da igiyar jirgin ruwa. Na san ƙullin. Mutum ɗaya ne a rayuwata ke yin irin wannan ƙulli, da shi yake ɗaure har ledar burodi.

Na ɗaga kai a hankali. Signe ta jingina wayarta da mazaunin kyandir, idon kyamara na kallona. Mama ta riga ta riƙe hankici a hannu, idanunta sun ciko. Baba ya kashe rediyo. Troels ya ajiye cokali, ya ɗan ja kujerarsa baya kamar mai shirin durƙusawa. Ba mai cin komai, kowa ni yake kallo.

Masu karatu, ku rubuta ku ajiye, ina son Troels. Da a mota ya tambaye ni, ko a bakin teku, ko ma a layin biyan kuɗi a kanti, da kafin ya rufe baki na amsa. Amma na hango kaina a wayar Signe, na hango Mama tana tura hoton ga duk matan garin da rubutun "a ƙarshe dai," na ji kamar an tsayar da ni a gaban aji ban yi aikin gida ba. Zuciyata ta ce yi murmushi, fito da ƙwaya. Muƙamuƙina kuwa bai jira shawarar kowa ba.

Ƙaras!

A kaina na ji ƙarar, kamar an taka busasshen reshe. Na kai harshe a tsorace in duba ɓarnar. Gida uku ta rabu. Ina cikin lalube haƙoran suka sake haɗuwa, ta koma gari, ba ta da maraba da yankakken almon ɗin da ke cikin kwano. Kuma duk wannan a kan idon Troels, wanda ya ga na kalli akwati, ya ga kumatuna sun yi tauri.

"To, wa ya samu?" in ji Mama da wata siririyar murya. Baba, da ba ya son ganin abu ya lalace, ya miƙa kwanonsa a ƙara masa, wai wataƙila tana ƙasa. Mama ko kallonsa ba ta yi ba, don ta san kwanon da ta sa ta.

"Ditte, ba ki ji wani abu a naki ba?"

Na haɗiye da ƙyar. "Na ji."

"To fito da ita mana, 'yar nan!"

"Na tauna."

"Kin me?"

"Na tauna ta, Mama. Ba da gangan ba."

Mijin Signe ya fashe da dariya, Signe ta zungure shi ta kife wayarta. Mama ta miƙe tsaye. "Ba komai, ba komai! Akwai sauran almon a kicin, yanzu zan kawo wata."

"Zauna, Birthe," Kaka ta ce wa Mama. "Ƙwaya ɗaya ake sawa a shekara."

"Haba Mama, kin fa san abin da ke cikin akwatin nan!" in ji mahaifiyata.

"Na sani sarai. Yarinya ba ta ajiye ƙwaya ba, ba mai buɗe mata akwati. Sai baɗi in muna da rai." Ta ɗauke shi ta jefa a jaka, ta rufe ƙaf.

Troels ya miƙe a hankali, ya tura kujerarsa ƙarƙashin tebur kamar yadda yake yi kullum. "Abinci ya yi daɗi, Birthe, na gode. Bari in duba mota, ina jin na bar fitila a kunne." Bai kalle ni ba ya fita. A shekara biyun nan ban taɓa jin ya ce abinci ya yi daɗi ba, nan na san ba lafiya.

Mama ta fara magana, Signe ta fara magana, ni kuwa na tsere zaure inda ake rataye riguna, na ciro waya.

Ni: "Kana ina?"

Troels: "Waje."

Troels: "Ba komai, Ditte. Na gani. Ba sai kin yi bayani ba."

Troels: "Ba zan sake sa ki a irin wannan halin ba."

Troels ba mai fushi ba ne, kuma ba mai naci ba ne. In ya yarda an ce masa a'a, zai naɗe maganar ya ajiye, ba zai sake ɗaga ta ba har abada, zai ci gaba da gyara wa Kaka famfo yana gaishe ni a hanya. Wannan ne ya tsorata ni. Na zura ƙafa a takalman robar Baba, na yafa rigar ruwansa a kan koriyar rigata, na fita.

Iska na kaɗowa daga teku, mai shiga ƙashi. Yana jingine da motarsa, hannu a aljihu, fitila kuwa a kashe take.

"Koma ciki, za ki yi mura," ya ce.

"Ba zan koma ba. Me ka gani?"

"Na ga kin gane abin da ke ciki. Na ga fuskarki." Ya taɓa gefen kumatunsa. "Nan ɗinki bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Bai yi maka ƙarya ba yau ma. Ya gaya maka wani abu ya dame ni, amma ya gaya maka mene ne? Ka tsaya ka tambaya?"

Na ci gaba kafin ya buɗe baki.

"Wayar Signe ce, Troels. Hankicin Mama ne. Mutum biyar sun zuba min ido suna jira in yi kuka a daidai lokacin da ya dace. Ba kai ba ne. Kai kaɗai ne a ɗakin nan ba ka taɓa sa ni cizon haƙora ba, sai yau da ka shiga ƙungiyarsu."

Ya sosa ƙeya. "Ba dabarata ba ce. Babanki na je in yi wa magana a rumfar itace, ashe mamanki na bayan ƙofa. Ni a kan gadar jirage na so in tambaye ki, da asuba, ba kowa."

"To me ya hana?"

"Ana ce wa mamanki a'a ne?"

"Ni za ka gaya wa? Je ka tambayi likitar haƙorina."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun da muka zo. Na matsa kusa da shi, takalman Baba na ƙoƙarin kayar da ni.

"Tambaye ni yanzu."

"Zoben na jakar Kaka."

"Zobe zan aura?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa da ta jiƙe sharkaf, ya dubi wandonsa mai guga. Na ce, "Kar ka durƙusa, tsaya a yadda kake." Ya ciro hannuwansa daga aljihu ya kama nawa, farce ja da komai.

"Ditte, za ki aure ni?"

"Ka san kowane dare sai ka ji injin nan? Robar rage ƙarar kawai take yi."

"A wurin gyaran jirgi nake aiki. Abin toshe kunne kwali guda gare ni."

"To, eh. Zan aure ka."

Ya daɗe yana kallona, idanunsa na ƙyalli. Can ya numfasa ya ce, "Ba laifi."

Na kai masa duka a ƙirji, ina dariya ina hawaye. Farin ciki na ji, tsantsarsa, irin wanda ba sai an nuna wa kowa ba. Ba kyamara, ba hankici, sai ƙarar iska da ƙamshin man inji da bai taɓa barin suwaitarsa ba. Muka yi shawara a nan tsaye cewa ba za mu gaya wa kowa ba sai bayan sabuwar shekara. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko mako ɗaya ne ina son maganar nan ta zama tamu mu biyu, kafin ta zama ta Mama da matan Lemvig.

Daga cikin gida muka ji Baba na kira, wai an kunna kyandirorin bishiyar Kirsimeti, a zo a kama hannu a zagaya. Muna shirin shiga wayata ta yi ƙara a aljihun rigar ruwa. Na ciro, Troels ya leƙo ta saman kafaɗata muka karanta tare.

Mama: "'Yata, kar ki yi kuka a sanyi. In ba kya sonsa ba dole, laifina ne da ban tambaye ki ba."

Na ji tausayinta ya kama ni, har na fara rubuta mata amsa mai daɗi. Sai ga wani ya shigo.

Mama: "Na yi waya da maman Viggo, kin tuna shi, likitan dabbobin nan. Ya zo hutu kuma ba shi da kowa. Gobe zai zo cin abincin rana. Kar ki ɓata koriyar rigar."

Troels ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Ya ce, "Gobe ai ni ma ina cikin masu cin abincin nan."

Haƙorana kuwa sun riga sun haɗu. Ya sa babban yatsansa a gefen kumatuna ya danna a hankali.

"Sassauta, amarya," ya ce. "Ni zan zauna kusa da shi."